Saiwar Monica da Begilar Kofur Haggai

Mutanen da wannan labari ya shafa su shida ne, kuma ya kyautu a san su kafin a shiga cikinsa. Akwai Kofur Haggai, tsohon soja mai busa begila, mazaunin Zuru. Akwai amininsa Saje Ezekiel, da matar Saje, Keziah. Akwai Dodo, shugaban 'yan mazan jiya na unguwarsu. Akwai Muntaka, mutumin Wasagu mai sana'ar kabu-kabu. Ta shida ita ce Monica, mai maganin itatuwa, wadda gidanta ke gefen hanyar Mahuta.

Haggai da Ezekiel ƙauye ɗaya suka tashi, a gindin dutse ɗaya. Tare suka yi golmo, wato noman da samari kan taru su yi wa iyayen yarinya shekara da shekaru kafin a ba ɗayansu aurenta, har Haggai yakan ce rabin Keziah nasa ne, domin fartanyarsa ta fi ta ango cin ƙasar gonar mahaifinta. Da yaƙin basasa ya tashi, tare suka shiga soja. A can bakin daga suka koyi sigari, a lokacin da kara ɗaya ke zama rabon mutum biyu. Ezekiel ne mai kunnawa, don shi ne babba a muƙami. Sai ya zuƙa ya miƙa wa Haggai, su yi ta musaya har wuta ta kusa taɓa yatsa. Yaƙi ya ƙare, aka sallame su, furfura ta fito musu, amma wannan al'ada ba ta mutu ba. Kullum da yamma Haggai yakan taka zuwa gidan Saje, su zauna a gindin mangwaron ƙofar gida, su raba kara ɗaya. Haggai yana shan waɗansu da yawa shi kaɗai, a gona da kasuwa da bayan ɗaki, amma na yamma daban yake a wurinsa.

'Yan mazan jiyan unguwar suna da wani tsari da suka ɗora wa kansu. Idan ɗayansu ya rasu, sukan sa hulunansu da lambobinsu su jeru a bakin kabari, mai begila ya yi busar bankwana. Muryar ƙarshe ta wannan busa doguwa ce, kuma sun saba mai busa ya riƙe ta tun daga lokacin da aka fara sassauta igiya har akwati ya taɓa ƙasan kabari. Haggai ya yi wa mutane da yawa wannan hidima, ba a taɓa jin muryar ta karye a bakinsa ba.

A farkon shekarar 2005 ta karye. Sun je Dirin Daji binne wani abokin aikinsu, akwati yana tsakiyar rami, sai numfashin Haggai ya ƙare. Begila ta yi wani irin kuka kamar na akuyar da aka shaƙe, tari ya turnuƙe shi, ya duƙa yana riƙe da gwiwa. Aka ƙarasa saukar da mamacin cikin shiru, ba abin da ake ji sai tarinsa. Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi yi masa ciwo.

A motar dawowa Dodo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kofur, kada ka damu, girma ne. Ɗana ya aiko mini da rediyo daga Kaduna, da kaset mai wannan busa a ciki, tsaf da ita. Nan gaba sai mu danna kawai. Kaset ba ya tari."

Ezekiel bai je Dirin Daji ba. Tun kaka ciwon zuciya ya zaunar da shi, ƙafafunsa sun kumbura, likita ya hana shi gishiri da taba. Gishirin ya bari don Keziah ce ke riƙe da tukunya. Tabar kuwa sai ya samo mata dabara: yakan kunna, ya ɗan taɓa ta a leɓe, ya miƙa wa Haggai ya shanye, shi kuma ya lumshe ido yana shaƙar hayaƙin da ke bi ta gabansa. Yakan ce, "Kai ne huhuna yanzu, Kofur. Ja da kyau, kada ka cuce ni."

Labarin kaset ya riga Haggai isa gindin mangwaro. Da ya zauna, Ezekiel ya kunna kara ya miƙa masa, sannan ya ce, "Na ji Dodo zai binne mu da batir."

Haggai ya karɓi karan ya zuƙa, Ezekiel ya ci gaba.

"To, ka saurara. Idan batir ya mutu ina tsakiyar rami fa? A bar ni rataye a igiya har a aika kasuwa? Ni dai ban yarda ba. Kai ka tashe ni da begila shekaru a bariki, kai za ka kwantar da ni da ita. Wannan umarni ne, ba roƙo ba."

"Saje, bar wannan magana. Kana nan tukuna."

"Na ce umarni ne."

"Na ji, Saje."

Ya amsa ne kawai, amma da ya koma gida ya ɗauki begilar ya gwada, ko rabin muryar bai kai ba. Ya zauna a bakin gado yana jin ƙirjinsa na ƙugi kamar tsohon injin niƙa. Ya san abin da ya cinye masa numfashi, yana cikin aljihunsa. Ya sha gwada barinsa a baya, da goro, da alewa, da rantsuwa a gaban fasto, bai taɓa kai mako ba.

Muntaka ne ya nuna masa hanya. Wata ranar kasuwa ya ɗauko shi a babur, sai Haggai ya lura da wani ɗan itace da yake ta taunawa, ya kuma tuna cewa a da ba a ganin Muntaka sai da sigari a bayan kunne.

"Kai, ina tabarka?"

"Baba Kofur, ai ni da taba mun rabu tun bara. Wata tsohuwa ta raba mu, nan hanyar Mahuta. Wanga icce da kake gani, in ka tauna shi ka sa sigari a baki, wallahi sai ka ce tsumman wuta ka lasa."

"Ba tsafi ba ne dai?"

"Mi ya kawo tsafi? Ni mai salla, ita mai zuwa coci. Icce ne da ruwan ɓawo. In kana so mu tahi yanzu, ba nisa."

Suka tarar da Monica tana shanya saiwoyi a kan faifai. Mace ce ƙanƙanuwa, mai hannun noma, ba ta da yawan fara'a kuma ba ta da gaggawa. Ta ba su ruwa, ta saurari tarin Haggai tun kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya zaci za ta tambaye shi kara nawa yake sha a yini. Ba ta tambaya ba. Abin da ta ce shi ne, "Soja, da wa kake sha?"

"Ni kaɗai nake sha."

"Babu mai sha shi kaɗai. Wani da abokan burkutu, wani da 'yan tasha, wani da wanda ya mutu tuntuni. Kai da wa?"

Sai Haggai ya ba ta labarin gindin mangwaro, da Dirin Daji, da umarnin Saje. Ta saurara har ya gama, hannunta bai daina juya saiwa ba.

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin ɓawon itace da damin saiwa, kowace tsawon yatsa. Ta yi masa bayani dalla-dalla. Ɓawon a tafasa, ya sha ludayi ɗaya da safe bayan ya ci wani abu, kada ya ƙara ko da kwaɗayin taba ya kai masa iya wuya, domin yawansa na sa jiri. Saiwar kuma ya riƙa taunawa kamar asuwaki duk lokacin da hannunsa ya nufi aljihu. Ta ce kakarta ce ta nuna mata itacen a kan dutse, don masu shan lofe na zamanin da. Ta kuma ce lalle ya je asibiti a saurari ƙirjinsa, don ita kwaɗayi take kashewa, ba ta ganin cikin huhu.

Da ya miƙe zai tafi, sai ta zaɓo wata saiwa mai kauri ta ware ta daban.

"Wannan ta abokinka ce."

"Mama, ai shi ba ya sha. Hayaƙin kawai yake shaƙa."

"Na ji. Maganina yana iya wa baki, yana iya wa ciki. Mutumin da zai miƙo maka da hannunsa kuwa, ba ni da itacensa. Shi ya sa ba na ba mutum saiwa ɗaya. Ka kai masa."

Haggai ya karɓa ya sa a aljihun riga, amma a ransa ya san ba zai kai ba. A wurinsu ba a zama gaban majinyaci a yi masa zancen kabarinsa. Yaya zai dubi Saje ya ce, na bar shan taba da kai ne don in sami numfashin binne ka?

Kwanakin farko sun ba shi wuya ƙwarai. Saiwar tana da ɗacin da ke kai wa har kunne. Barci ya ƙaurace masa, ya yi faɗa da kaji, ya yi faɗa da ƙofar ɗaki, hannunsa ya riƙa zuwa aljihu da kansa yana dawowa. Ya je asibiti kamar yadda Monica ta ce, aka ba shi maganin tari, aka ce ya ci gaba da abin da ya fara. Sau ɗaya ya kasa daurewa ya kunna guntun da ya tsinta a ƙarƙashin gado. Zuƙa ɗaya ya yi ya tofar, don maganar Muntaka gaskiya ce, ɗanɗanon ya zama na ƙonannen tsumma. Ya tsaya yana kallon guntun a ƙasa, yana mamakin tsohuwar da ta san abin da wani ɗan itacen dutse zai yi wa harshen mutum.

Saura gindin mangwaro. A nan sa'a ta taimake shi, domin azumin da ake yi kafin Ista ya kama. Da Ezekiel ya miƙo masa kara, sai ya ce ya ɗauki azumin taba bana.

Ezekiel ya dube shi sama da ƙasa. "Keziah! Fito ki ga sabon fasto. Mutumin da ya sha taba a bayan motar limamin bataliya, yau shi ne mai azumi."

Keziah ta leƙo ta ce, "Ka bar shi mana. Ko a tsufa mutum ya shiryu ai an gode."

"To, Fasto Haggai, Allah ya karɓa. Ni zan jira Ista."

Ya mayar da karan cikin kwali, suka yi hirarsu ba hayaƙi. Haggai yana lura da yadda hancin Saje ke neman abin da babu, yana jin abin a ransa, amma ya daure.

A cikin waɗannan makonni ya soma hawa dutsen da ke bayan gonarsa da sassafe, da begila a cikin buhu. Wurin yana da nisa da gari, kuma iskar rani tana kwashe sauti ta yi daji da shi, don haka ba mai ji. Da fari hawan kansa yakan gama da shi, sai ya zauna ya huta kafin ya busa. Sannu a hankali tarin asuba ya ragu, ya fara jin ƙanshin ƙasa da ɗanɗanon miya, muryar ƙarshe kuma ta riƙa ƙara tsawo kaɗan kaɗan. Yakan rufe ido ya ga igiya tana sauka, ya riƙe, ya riƙe, sai numfashi ya yanke akwati bai kai ƙasa ba.

Ista ta zo ta wuce. Ranar Litinin da yamma Ezekiel ya sa aka fito masa da kujerarsa da wuri. Da Haggai ya zo, ya kunna kara, ya taɓa shi a leɓe, ya miƙa masa.

"Azumi ya ƙare, Fasto. Karɓi."

Haggai ya dubi karan. Bakinsa ya cika da miyau, saiwar Saje tana tokare masa ƙirji ta cikin aljihu. Ya ce, "Saje, na bari."

"Ka bar me?"

"Na bar taba. Gaba ɗaya."

"Ban ce ka sha taba ba. Na ce ka karɓi abin da na miƙo maka."

"Ka yi haƙuri, Saje."

Ezekiel bai janye hannunsa ba. Ya bar shi a miƙe, karan yana ci, toka tana tsawo tana faɗuwa a kan zanen da ya rufe gwiwarsa. Haggai ya sunkuyar da kai. Sai da wuta ta kusa yatsa sannan Saje ya yar, ya ce cikin sanyin murya, "A bakin daga, a ramin da ruwa ya kai mana ƙugu, ban sha ni kaɗai ba. Yau da na zama abin ƙyama, ka ga dama. Tashi ka tafi gida, Kofur. Na sallame ka."

Haggai ya tashi ya tafi. Washegari bai zo ba, jibi ma haka. Ya koma wurin Monica da niyyar ƙaro ɓawo, amma da ta dube shi sai ta ce, "Saiwar abokinka tana aljihunka har yanzu."

"Mama, ba a yi wa mara lafiya zancen kabari."

"Wa ya fara zancen, kai ko shi?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Shi soja ne, ya san inda ya dosa, har ya ba da umarni. Kai ne kake jin tsoron maganar, ka ɗora masa. Ni ba zan matsa maka ba. Ga ɓawonka. Amma mutumin nan yana zaune yana zaton ka guje shi ne don ciwonsa, kuma ba shi da lokacin da za a ɓata masa da irin wannan zato."

Maganar ta bi shi har gida, ta kwana da shi. Duk da haka ƙafarsa ta ƙi zuwa gindin mangwaro. Abin da ya iya shi ne hawa dutse, ya ƙara himma a busa.

Abin da bai lura da shi ba shi ne damina ta matso, iska ta juya. Wata safiya bayan an yi yayyafin farko, ya hau dutse, ya ji ƙirjinsa a buɗe kamar an share shi. Ya ɗaga begila ya yi busar bankwana tun daga farko, da ya zo muryar ƙarshe ya rufe ido, igiya ta yi ta sauka, ta yi ta sauka, har ya ji a ransa akwati ya zauna, kuma da sauran numfashi a cikinsa. Don murna ya sake yi. Iskar damina kuwa ta ɗauki busar nan tsaf, ta sauke ta a tsakiyar unguwa.

A unguwar babu wanda bai san wannan busa ba, babu kuma wanda bai san wane ne ke kwance ba. Mata suka ajiye tsintsiya suka ɗaura ɗankwali. Wata ta fara kuka tun daga bakin rijiya. Dodo ya sa hularsa da lambobinsa a gurguje, har ya ɗauko rediyonsa don kada a rasa, ya nufi gidan Saje da jama'a a bayansa. Suka shiga da sallamar makoki, suka tarar da Ezekiel zaune a tsakar gida yana shan kunu.

Haggai yana saukowa daga dutse ya hangi Muntaka ya taho a guje da babur. "Baba Kofur, hau! Ka kashe Saje da ransa, gari duk ya taru. Shi kuma ya ce a kawo ka ko a ɗaure."

Ya isa gidan. Mata suna fitowa, waɗansu na dariya suna share hawaye, waɗansu na harararsa. Keziah ta tare shi a zaure, idonta ja. "Kofur, ka kyauta ke nan? Ina cikin dama kunu in ji ana binne mini miji? Sai da na leƙa ɗaki na taɓa shi."

"Uwargida, ki gafarce ni. Iska ce ta..."

"Shiga, yana jiranka. Iskar ma za ta yi bayani."

Ezekiel ya sa kowa ya fita, har Dodo da rediyonsa. Haggai ya ƙame a gabansa kamar sojan da aka kai gaban kwamanda, begila a hannu.

"Kai ka yi busar nan?"

"Ni ne, Saje."

"Dodo ya ce ba kai ba ne. Ya ce wani ya riga shi sayen kaset." Ya mayar da numfashi. "Na saurare ta har ƙarshe, sau biyu. Ba kowa ke samun jin tasa ba. Ta farko ka yi gaggawa a tsakiya, kamar kullum. Amma ta ƙarshen, Kofur, ko ramin ya kai zurfin rijiya ka sauke ni lafiya." Ya dube shi. "Tun yaushe kake hawa dutsen?"

"Tun azumi."

"Azumin fasto."

"Shi, Saje."

"Don wannan ka bar ni da hannu a miƙe?"

"Ka ba ni umarni biyu, Saje. Ka ce in sha, ka ce in busa. Ƙirjin ba zai ɗauki duka ba. Na zaɓi wanda ka ce ba roƙo ba ne."

Ezekiel ya kawar da kai. Da ya juyo sai ya ce, "Wawan soja. Da ka faɗa mini ai da ni zan riƙa duba maka aikin. Zauna, tsayuwarka tana sa ni jiri. Da me tsohuwar ta raba ka da ita? Muntaka ya ce icce ne."

Haggai ya zauna, ya zaro saiwar da ta yi makonni a aljihunsa har ta yi sheƙi. "Wannan taka ce. Tun ranar farko ta ce in kawo maka."

"Tawa ni kaɗai? Kai kuma da taka?"

"Haka ta tsara."

"Ba ta yi soja ba. Tun yaushe muka fara shan biyu?" Ya karɓa, ya sa a baki ya tauna. Fuskarsa ta tattare kamar busasshiyar kuɓewa. "Kai! Wannan ai hukunci ne. Abin da kake ci ke nan tun azumi saboda ni?" Ya sake taunawa, ya karya ta biyu da ƙyar, ya miƙa wa Haggai rabi. "Karɓi abin da na miƙo maka."

Haggai ya karɓa da hannu biyu.

Tun daga ranar gindin mangwaro ya dawo yadda yake. Saje ke karya saiwa, su tauna suna tsine wa ɗacinta, Keziah tana yi musu dariya daga madafa. Busar bankwana dai Keziah ta hana a sake yin ta inda kunnenta zai ji, don haka Haggai yakan yi wa Saje busar tashi da ta fareti, shi kuma yana gyara masa da sanda, yana cewa ya yi gaggawa a nan, ya ja a can. Da Haggai ya ba Monica labarin karya saiwa, a ranar ya fara ganin haƙoranta. Ta ce ta yi shekaru tana ba da biyu, ba ta taɓa tunanin ɗaya ta fi ba. Daga nan ta koma yanka saiwar abokai da tsawo, don a karya.

Ezekiel ya ga damina har ƙarshenta. Ya rasu da kaka, dawa ta sunkuya, ranar wata Laraba da hantsi, Keziah na gefensa.

A makabarta tsofaffin sojoji suka jeru da hulunansu. Haggai ya tsaya a wajen kai, ya goge bakin begila da hannun riga. Abin da bai yi shirinsa a kan dutse ba shi ne kuka, domin a can akwatin na cikin ido ne kawai, a nan kuwa ga shi a gabansa. Maƙogwaronsa ya toshe. Ya laluba aljihu ya taɓa guntun saiwar da suka raba ranar Lahadi, ya sa a baki ya tauna sau ɗaya. Ɗacin ya hau masa har ka, ya share masa wuya. Ya cire, ya ɗaga begila.

Bai yi gaggawa a tsakiya ba. Da ya zo muryar ƙarshe aka fara sassauta igiya. Masu riƙe da ita samari ne da ba su saba ba, suka yi ta saukarwa a hankali fiye da yadda ake yi, har igiya ɗaya ta maƙale a gefen rami sai da aka gyara. Jijiyoyin wuyan Haggai suka tashi, idonsa ya rufe, amma muryar tana nan miƙe, ba ta karkace ba. Akwati ya taɓa ƙasa. Ya ƙara riƙe ta kaɗan, sannan ya sake ta a hankali, ya sauke begila ya sara wa Saje.

Bayan an rufe kabari, jama'a na watsewa, Dodo ya same shi zaune a kan wani dutse yana mayar da numfashi. Ya zauna kusa da shi, ya ciro kwali daga aljihu ya zaro kara ɗaya.

"Kofur, yau ka yi aikin maza. Ka cika wa Saje alkawari, ba wanda ke binka komai. Ungo, ka huce."

Haggai ya dubi karan, ya ɗaga kai ya dubi sauran tsofaffin da ke tafiya a hankali zuwa bakin hanya, wani da sanda, wani an riƙe masa hannu. Sannan ya dubi Dodo da furfurarsa.

"Shugaba, kai kaset kake so a sa maka?"

Dodo ya sauke hannunsa. Ya juya karan a hannunsa, ya mayar da shi cikin kwali. Can ya ce, "Wannan icce naku, da gaske yana da ɗaci yadda ake faɗa?"

"Ya fi haka," in ji Haggai. Ya ciro sabuwar saiwa doguwa, ya karya ta biyu, ya miƙa wa Dodo rabi.

A nan labarin ya tsaya. Wanda ya karanta ya ga an kauce a wata kalma, ko an sa wani abu inda ba wurinsa ba, ya yi wa Allah ya daidaita shi, ya kuma yi uzuri ga hannun da ya rubuta.